Sarki Goma, Haikali Goma: Tarihin Sarautar Khmer a Duwatsun Angkor

Tun kafin assalatu motoci da babura masu jan keke suke barin garin Siem Reap, a arewa maso yammacin ƙasar Kambodiya, ɗauke da baƙi zuwa Angkor Wat. Tafiyar ba ta wuce kilomita 6 ba. Mutane sukan ƙetare gwalalo cikin duhu, su yi cincirindo a bakin wani ɗan tafki, suna jiran rana ta ɓullo ta bayan ginin nan da hotonsa yake jikin tutar ƙasar. Da hantsi su wuce Bayon su ga manyan fuskoki na dutse, da azahar su shiga Ta Prohm inda saiwoyin itatuwa suka rungume bango, kashegari kuwa su ɗaure kaya. Akasarinsu suna komawa gida da zaton birni guda suka gani, wanda zuriya guda ta gina a zamani guda.

Al'amarin ya fi haka tsawo. Daular Khmer ta yi shekara fiye da 600 tana mulki daga wannan yanki, tun daga shekarar 802 har zuwa wajen 1431, kuma a lokacin ƙarfinta ikonta ya shiga cikin ƙasashen da a yau suke maƙwabtaka da Kambodiya, wato Tailan da Lawos da kudancin Biyetnam. Filin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1992 ya kai murabba'in kilomita 400, cike yake da gine-ginen da tsakanin na farkonsu da na ƙarshensu akwai ƙarni huɗu ko fiye. Mai ziyarar da ya lura da wannan, dole wata tambaya ta zo masa: me ya sa kowane babban sarki ya ƙi wadatuwa da haikalin wanda ya gada, sai ya tara dubban mutane ya tayar da nasa? Amsar tana cikin yadda ake hawa gadon sarauta a Angkor. Wanda ya bi haikalan bisa jerin zamaninsu, maimakon bisa kusancinsu da masaukinsa, zai ga ta fito dalla-dalla.

Duwatsu masu harshe biyu

Kafin a shiga labarin sarakuna, ya kamata a san inda aka samo shi. Mutanen Khmer na wancan zamani sun yi rubutu a kan ganyen giginya da fatun dabbobi, amma zafi da danshi da gara sun cinye su ƙurmus. Abin da ya tsira shi ne rubutun da aka sassaƙa a gefen ƙofofin haikalai da kuma a kan allunan dutse da aka kafa, waɗanda yawansu ya haura 1,000. Masanin nan Bafaranshe, George Cœdès, ya ƙarar da yawancin rayuwarsa yana karanta su yana fassarawa, kuma daga aikinsa da na takwarorinsa aka tsara jerin sarakunan da ake amfani da shi har yau.

Sau da yawa dutse guda yakan ɗauki harshe biyu. Na farko shi ne Sanskrit, harshen addini da ilmi da aka aro daga Indiya, wanda da shi ake tsara waƙar yabon alloli da kirarin sarki da salsalarsa. Na biyu shi ne tsohon harshen Khmer, wanda ake rubutawa a zube, kuma a cikinsa ne ake lissafa gonaki da iyakokinsu, da shanu, da awon shinkafa, da sunayen bayi da barorin da aka ba haikali. Sanskrit yana magana da alloli, Khmer kuwa yana magana da alƙali da mai karɓar haraji. Mai neman tarihi yana bukatar duka biyun, domin kuwa kirari ba ya faɗin ranar da gwani ya faɗi. Sarkin da ya ƙwaci mulki da takobi, a bakin mawaƙinsa magajin asali ne.

Daga tsaunin Kulen zuwa Roluos

Akan fara labarin daga Phnom Kulen, wani dogon tsauni mai nisan kimanin kilomita 40 arewa maso gabas da Angkor. A can ne, a 802, aka yi wa Jayavarman na Biyu bikin da ya ɗaukaka shi bisa sauran sarakunan yankin, aka kira shi mai mulkin duniya. Sai dai ba a sami rubutu ko ɗaya na shi Jayavarman kansa ba. Labarin ya zo ne daga allon Sdok Kok Thom, wani haikali da yake cikin ƙasar Tailan a yau, an kuwa rubuta shi shekara 250 bayan aukuwar abin. Masu rubutun wani gida ne na malaman fada, manufarsu kuma su tabbatar cewa tun ranar da aka kafa daular kakansu ne yake riƙe da hidimar abin bautar sarki, saboda haka muƙaminsu da filayensu halaliyarsu ne. Ashe ko labarin kafuwar daular ma hujja ce ta masu kare gado.

Wurin da mai ziyara zai fara ganin tsarin da idonsa shi ne Roluos, kimanin kilomita 13 gabas da Siem Reap, inda babban birnin Hariharalaya yake a da. Indravarman na Ɗaya ya hau mulki a nan a 877, kuma shi ba ɗan sarkin da ya gada ba ne. Ayyuka uku ya yi a jere. Da fari ya sa aka tare ruwa da dogayen madatsai na ƙasa, aka sami tafki mai tsawon kilomita 3.8 da faɗin mita 800. Irin wannan tafki shi ake kira baray. Sa'an nan a 879 ya keɓe Preah Ko, haikalin tubali mai hasumiya shida, domin kakanninsa. Hasumiyar da take gefe guda ta mahaifinsa ce, ta ɗaya gefen ta kakansa na wajen uwa, ta tsakiya kuwa ya ba Jayavarman na Biyu, uku na baya kuma na matansu ne. Da wannan jeri ya zaunar da wanda ya kafa daular a tsakiyar danginsa, kowa yana gani. A 881 kuma ya keɓe Bakong, gini mai hawa biyar kamar tsauni, kwatancin Dutsen Meru wanda a addinin Hindu shi ne cibiyar duniya kuma mazaunin alloli. A ƙololuwarsa aka kafa alamar Shiva mai ɗauke da sunan sarkin.

Tafki domin jama'a, haikali domin kakanni, tsauni domin sarki da abin bautarsa: wannan tsari ne manyan sarakunan da suka biyo baya suka yi ta maimaitawa, kowa yana neman ya zarce na gabansa.

Birni yana tashi, birni yana dawowa

Ɗansa Yasovarman na Ɗaya, wanda ya hau a 889, ya gina Lolei a tsakiyar tafkin mahaifinsa a 893, sa'an nan ya ɗauke babban birni ya kai shi arewa maso yamma, ya sa masa sunansa, Yasodharapura. Wannan shi ne asalin Angkor. Ya aza haikalinsa bisa tudun Phnom Bakheng, inda baƙi suke hawa yau domin kallon faɗuwar rana, ya kuma gina Baray na Gabas mai tsawon kilomita 7.5 da faɗin 1.8, wato ya ninka na mahaifinsa sau huɗu ko fiye. Tafkin ya ƙafe tun da daɗewa. Ƙauyuka da gonakin shinkafa ne a cikinsa yanzu, kuma haikalin Mebon na Gabas, wanda a da sai da kwalekwale ake isa gare shi, mota tana kai mutum har gindinsa.

Bayan 'ya'yan Yasovarman biyu sun yi mulki, sarauta ta faɗa hannun Jayavarman na Huɗu, wanda dangantakarsa da gidan ta wajen mata ce. Shi kuwa bai zauna a Angkor ba. Daga 928 babban birni ya koma Koh Ker, tafiyar kimanin kilomita 120 daga Siem Reap, inda ya tayar da dala mai hawa bakwai, tsayinta mita 36, ga kuma nasa tafkin. A 944 Rajendravarman ya mayar da fada Angkor, shi ma ya gina nasa tsaunin, Pre Rup, a 961. A ƙarshen zamaninsa ne, a 967, aka keɓe Banteay Srei, ɗan ƙaramin haikali na jan dutse wanda babu kamarsa wajen kyan sassaƙa. Wani malamin fada mai suna Yajnavaraha ne ya gina shi, abin da yake nuna irin dukiya da ƙarfin da manyan gidaje suke da shi a gefen sarki.

A nan ne tushen matsalar yake. A Angkor babu wata doka tsayayya da ta ce babban ɗa ne magaji. Ana iya neman sarauta ta wajen uba, ana iya nemanta ta wajen uwa, ko ta wajen matar da aka aura. Sarakuna suna da mata da yawa daga manyan gidaje, saboda haka duk ranar da sarki ya mutu, masu hujja sukan yi yawa, sai takobi ya raba gardama. Wanda ya yi nasara kuwa yana bukatar abin da zai nuna cewa alloli da kakanni suna tare da shi. Suryavarman na Ɗaya ya yi shekaru yana yaƙi da abokin hamayyarsa Jayaviravarman a farkon ƙarni na 11. Da ya ci nasara, a 1011, ya tara ma'aikatansa suka yi rantsuwar biyayya da jini, aka sassaƙa kalmomin rantsuwar da sunayensu a ƙofar fada. A zamaninsa ne kuma aka fara Baray na Yamma, mai tsawon kusan kilomita 8 da faɗin 2, wanda har yau akwai ruwa a cikinsa.

Angkor Wat da mai shi

Suryavarman na Biyu ya hau gado a 1113 yana saurayi, bayan ya yaƙi wani dattijo daga danginsa, Dharanindravarman na Ɗaya, ya kawar da shi. Wani rubutu ya kwatanta shi da tsuntsun alloli mai farautar macizai, ya ce ya daka tsalle bisa giwar abokin gabansa ya kashe shi. Wannan sarki ne ya gina Angkor Wat, kuma aikin ya ci fiye da shekara 30.

Girman wurin yakan ruɗe ido. Gwalalon da ya kewaye shi faɗinsa mita 190 ne, ya zana murabba'i mai tsawon kilomita 1.5 da faɗin 1.3. Hasumiyar tsakiya ta kai mita 65 daga ƙasa. An yi harsashi da cikin bango da marmara, aka lulluɓe da dutsen yashi da aka fasa a gindin tsaunin Kulen, bincike kuma ya nuna cewa ta magudanan ruwa aka riƙa jawo shi. Ba a sa laka ko siminti tsakanin duwatsun ba, goge su aka yi har suka zauna da juna. Mai ziyara zai lura cewa duk da wannan girma, ɗakin da yake can ƙololuwa ƙarami ne ƙwarai. Dalili kuwa, haikalin Khmer gidan abin bauta ne, ba a gina shi domin taron masu ibada ba.

Abu biyu suka bambanta Angkor Wat da na gabansa. An keɓe shi ga Vishnu, alhali yawancin sarakunan baya Shiva suka fifita. Yana kuma fuskantar yamma, alhali kusan duk sauran gabas suke kallo. Yamma jiha ce da ake dangantawa da Vishnu, ana kuma danganta ta da mutuwa, shi ya sa masana da yawa suke ganin an nufi ginin ya zama wurin tunawa da sarkin bayan rasuwarsa. A ranakun da dare da rana suke daidaita, cikin Maris da Satumba, wanda ya tsaya a kan hanyar shiga ta yamma zai ga rana ta fito daidai bisa hasumiyar tsakiya.

Dogayen barandun da suka kewaye haikalin cike suke da sassaƙa. A gabas akwai hoto mai tsawon mita 49 na alloli da aljannu suna jan wani ƙaton maciji, waɗannan a kai, waɗancan a wutsiya, suna burga tekun madara domin su fitar da ruwan rashin mutuwa. A kudu kuwa ga Suryavarman da kansa, zaune a fada, fadawa sun durƙusa a gabansa, can gaba kuma ga shi tsaye bisa giwa, laima 15 suna yi masa inuwa, hakimansa suna biye, kowa da sunansa a rubuce a gefe. Bangon da yake bi ma wannan yana nuna ranar hisabi, da gidajen ni'ima 37 da na azaba 32. Saƙon bai ɓuya ba: ga sarki, ga masu yi masa biyayya, ga kuma makomar kowa. Abin da bangon bai nuna ba shi ne yaƙe-yaƙensa da Dai Viet, a arewacin Biyetnam ta yau, waɗanda bai ci nasara a cikinsu ba.

Jayavarman na Bakwai

Bayan mutuwar Suryavarman, wajen 1150, rikici ya dawo. Bisa ruwayar da ta fi shahara, a 1177 mayaƙan Champa, daular da take gaɓar tekun Biyetnam ta tsakiya, suka biyo Kogin Mekong da jiragen ruwa, suka shiga tafkin Tonle Sap, suka ci Yasodharapura suka kashe wanda yake kan gado. Wanda ya kore su wani ɗan sarki ne da ya riga ya manyanta, ya kuma daɗe a wajen gida. An naɗa shi a 1181 da sunan Jayavarman na Bakwai.

Shi mabiyin addinin Buda ne na tafarkin Mahayana, kuma ya yi gini kamar mai tsere da ajali. Ya kewaye sabon birni, Angkor Thom, da ganuwar marmara mai tsayin mita 8, kowace kusurwa kilomita 3, da ƙofofi biyar. A gaban kowace ƙofa akwai gada, alloli 54 a hannu ɗaya, aljannu 54 a ɗayan, suna riƙe da maciji. A tsakiyar birnin ya aza Bayon, mai hasumiyoyi ɗauke da fuskoki kusan 200 masu lumshe ido da ɗan murmushi, suna duban kowace jiha. Wasu masana suna cewa fuskar Lokeshvara ce, ma'abucin jinƙai a addinin Buda, wasu suna cewa ta sarkin ce, wasu kuma suna ganin da gangan aka haɗa su. Tsohon tsarin nan ma bai bar shi ba: ya keɓe Ta Prohm ga mahaifiyarsa a 1186, Preah Khan ga mahaifinsa a 1191, ya kuma gina nasa baray a arewa.

Ya ƙara da abin da ba a saba gani ba. Rubuce-rubucensa sun lissafa asibitoci 102 a faɗin ƙasa, kowanne da likitocinsa da kason magani daga taskar sarki, da kuma masaukai 121 a kan manyan hanyoyi, har da wadda ta nufi Phimai a Tailan ta yau. Matarsa Indradevi malama ce mai koyarwa, ita ce ta tsara rubutun Sanskrit na Phimeanakas domin tunawa da ƙanwarta Jayarajadevi, wadda ta riga ta zama matar sarkin. A bangon waje na Bayon kuma, ƙarƙashin hotunan yaƙi da Champa, masassaƙa sun bar mana abin da babu shi a Angkor Wat: mata a kasuwa, maza suna caca a kan faɗan zakaru, masu dafa abinci, masunta, da mace tana naƙuda. Amalanken shanun da aka sassaƙa a wurin bai bambanta sosai da wanda ake gani a karkarar Kambodiya ba.

Allon Ta Prohm ya faɗi abin da wannan duka ya ci. Haikalin nan guda ɗaya, ƙauyuka 3,140 ne suke ciyar da shi, mutum 79,365 suke yi masa hidima, a cikinsu akwai manyan malamai 18 da mata masu rawa 615. An rubuta alƙaluman ne domin alfahari, amma mai karatu na yau yana iya ganin nauyin da aka aza wa manomi. Bayan Jayavarman na Bakwai, wanda ya rasu wajen 1218, babu sarkin da ya sake tayar da babban haikalin dutse.

Mai ziyara a Preah Khan da Ta Prohm zai ga layi-layi na gurabe a bango waɗanda aka kankare abin da yake ciki. Siffofin Buda ne aka fasa da kurfi a cikin ƙarni na 13, wasu kuma aka mayar da su siffofin addinin Hindu. Akan danganta wannan da zamanin Jayavarman na Takwas, wanda ya yi mulki daga 1243 zuwa 1295. Babban mutum-mutumin Buda na Bayon ma farfasa shi aka yi aka jefa a ramin da yake ƙarƙashin hasumiyar tsakiya, sai a 1933 aka tono shi.

Abin da baƙo daga Sin ya gani

A 1296 wani ɗan tawagar jakadanci daga ƙasar Sin, Zhou Daguan, ya iso Angkor ya zauna kusan shekara guda. Littafin da ya rubuta a kan al'adun ƙasar shi kaɗai ne bayanin ganau da ya rage game da rayuwar birnin. Ya ga hasumiyoyi masu walƙiyar zinariya, ya ga fada ta katako mai rufin fale-falen dalma da na kasko, ya ga talakawa a gidajen jinka. Ya ce mata ne suke riƙe da ciniki a kasuwa, masu hali suna da bayi fiye da 100, kuma ana girbin shinkafa sau uku ko huɗu a shekara. Ya ga malaman Buda masu aske kai da rawayar tufa a ko'ina, alamar cewa tafarkin Theravada ya riga ya kama ƙasa.

Game da sarauta kuwa, abin da ya ji ya yi daidai da abin da duwatsu suka nuna. Sarkin lokacin, Indravarman na Uku, surukin tsohon sarki ne. Matarsa ce ta ɗauke takobin zinariya na sarauta daga wurin mahaifinta ta ba mijinta. Da ɗan tsohon sarkin ya yi yunƙurin tayar da ƙayar baya, aka yanke masa yatsun ƙafa aka kulle shi a ɗaki mai duhu. Zhou ya kuma ambaci ƙauyukan da yaƙi da mutanen Siyam ya mayar kufai.

Yadda birnin ya ja baya

An daɗe ana cewa Angkor ta faɗi a 1431, lokacin da rundunar Ayutthaya ta Siyam ta ci birnin. Binciken zamani ya nuna cewa kafin wannan rana abubuwa da yawa sun riga sun kwance.

Na farko ruwa ne. Taswirar da aka yi daga sama, musamman da na'urar lidar mai harba haske daga jirgi mai saukar ungulu ta ratsa duhun daji, a 2012 da 2015, ta tabbatar cewa haikalan suna tsakiyar wani shimfiɗaɗɗen birni ne na kusan murabba'in kilomita 1,000, mai tituna da tuddan gidaje da ƙananan tafkuna da magudanai. Wani ƙiyasi na 2021 ya ce mazaunansa sun kai tsakanin 700,000 da 900,000 a ƙarni na 13. Rayuwarsu duka ta rataya ne a kan tare ruwan damina da rarraba shi. Nazarin zoben cikin kututturen tsofaffin itatuwa daga tsaunukan Biyetnam, wanda aka buga a 2010, ya nuna an yi dogon fari a tsakiyar ƙarni na 14, aka sake yin wani a farkon na 15, kuma a bayan kowanne aka sami damina mai ambaliya. Magudanan da aka gyara domin lokacin ƙarancin ruwa sai ambaliya ta yage su, yashi ya toshe na kudu.

Na biyu addini. Theravada bai bukaci tsaunin dutse ba, zauren katako da makarantar ƙauye sun ishe shi. Harshen duwatsun ma ya sauya: wajen 1309 aka sami rubutun sarauta da harshen Pali, na ƙarshe da Sanskrit kuwa na 1327 ne. Na uku ciniki. Fatauci ta teku da ƙasar Sin ya bunƙasa, kuma yankin Phnom Penh, inda Mekong ya haɗu da Kogin Tonle Sap, ya fi dacewa da jiragen fatake. Manyan gari suka riƙa zamewa kudu sannu a hankali, har fada ta bi su.

Birnin da bai taɓa ɓata ba

Sau da yawa akan ji cewa wani Bafaranshe, Henri Mouhot, shi ya gano Angkor a cikin daji a 1860. Mutanen ƙasar ba su taɓa mantawa da wurin ba. Angkor Wat ya zama wurin ibadar mabiya Buda, malamai suna zaune a cikinsa. A tsakiyar ƙarni na 16 Sarki Ang Chan ya sa aka ƙarasa sassaƙar barandun arewa maso gabas da aka bari ba a gama ba, rubutun wurin kuma yana ɗauke da shekarun 1546 da 1564. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal, António da Madalena, ya ziyarci wurin a 1586. Wani Bajapane, Ukondayu Kazufusa, ya bar rubutu da tawada a jikin ginshiƙi a 1632. Abin da Mouhot ya yi shi ne, bayanansa da zane-zanensa da aka buga bayan rasuwarsa sun sa Turai ta waiwayo.

Kambodiya ta shiga ƙarƙashin Faransa a 1863, amma lardin Angkor yana hannun Siyam har 1907. Daga nan masanan Faransa suka shiga share daji da gyara. Kulawar ta zo tare da ɓarna: a 1923 aka kama André Malraux, wanda daga baya ya zama ministan al'adu na Faransa, da sassaƙe-sassaƙen da ya ɓamɓaro daga Banteay Srei. Haikalin Baphuon kuma, wanda aka warware dutse-dutse a shekarun 1960 domin a ƙarfafa shi, yaƙi ya tsayar da aikinsa, takardun da suka nuna mazaunin kowane dutse suka salwanta a zamanin Khmer Rouge, tsakanin 1975 da 1979. Duwatsu kusan 300,000 suka yi shekaru a warwatse, sai a 2011 aka gama mayar da ginin. A shekarun yaƙin ne kuma ɓarayi suka sare gumaka daga Koh Ker da wasu wurare suka sayar a ƙetare, inda a wasu wuraren ƙafafu kaɗai suka bari a kan dakali. Tun daga 2013 gidajen tarihi na Amurka da masu tara kayan tarihi suke ta mayar da wasu daga ciki.

Wanda ya sami kwana uku a Angkor, zai fi amfana in ya fara da Roluos, ya bi ta Bakheng da Pre Rup da Banteay Srei, ya ba Angkor Wat rana ta biyu, ya rufe da gine-ginen Jayavarman na Bakwai. Ya sa tufar da ta rufe kafaɗa da gwiwa, domin wuraren ibada ne har yanzu. A Lolei, inda malaman Buda suke zaune a yau dab da hasumiyoyin tubalin Yasovarman, ya tsaya ya dubi gefen ƙofofi. Dogayen layukan rubutun da zai gani a wurin, da yawansu jerin sunayen masu hidima ne da tsohon harshen Khmer. A irin waɗannan jeri akan sa kalmar tai a gaban sunan mace, si ko gho a gaban sunan namiji, akan kuma raba su kashi biyu, masu aiki a farin wata da masu aiki a duhunsa. Gidajensu na jinka sun ruɓe tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Sunayen dai suna nan a ƙasan kirarin sarki, domin magatakarda yana son a san yawan abin da aka ba haikali.